Ƙarafan da Na Zaɓo wa Baffa

Mahaifina ya yi wasan golf a Azare, garin da ba shi da filin golf. Idan na faɗi haka, mutane kan dube ni su ga ko zan yi dariya. Yanzu na ji 'yan rediyo suna ce wa wasan ƙwallon lambu. To namu babu lambu a cikinsa, ko ciyawar da akuya za ta ɓata lokaci a kanta babu. Wani fako ne a bayan gari, idan ka ɗauki hanyar Jama'are ka ratse, ƙasa mai tauri da mai ita ya gaji da shukawa ya bar wa Allah. A nan Baffa, haka muke kiransa, suka haƙa ramuka shida shi da abokinsa, suka binne gwangwanayen madara a ciki, suka kewaye kowanne da yashin da aka cakuɗa da baƙin mai don ƙwallo ta riƙa gangarawa sumul. Tutarsu kara ce da tsumma a kai.

A Jos ya koyo wasan, lokacin da aikin malamin dabbobi ya kai shi can da ƙuruciyarsa. Ban san yadda aka yi Bafillatanin Katagum ya shiga cikin Turawan kuza har ya fi da yawansu ba, don ba ni zai zaunar ya ba labari ba. Abin da na sani, a bakin abokinsa na ji. A wasan nan akwai rangwamen da ake yi wa kowa gwargwadon rauninsa: wanda bai iya ba a yafe masa bugu ashirin ko fiye, gwani kuwa a yafe masa kaɗan. Na Baffa huɗu ne. Duk wanda ya san wasan, idan ya ji haka sai ya gyara zama.

Na ce ba ni zai ba labari ba saboda ni ne ɗan fari. Ina shekara biyu aka miƙa ni wurin Goggo, yayar Baffa, a unguwa ta gaba, kuma a hannunta na tashi. Baffa bai taɓa kama sunana ba. Idan dole ta kama sai ya ce "na wajen Goggo", da na samu aiki a Kano kuma na koma "mutanen Kano", ni kaɗai. Idan na zo gaisuwa nakan durƙusa daga bakin zaure, ya amsa yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa, mu rabu lafiya. Duk wani saƙo tsakaninmu ta bakin autarmu yake bi, wadda a lokacin har ta fara koyarwa a firamare, amma tana iya zama a kan tabarmarsa ta ce masa hularsa ta karkace. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Na san yana so na, shi ma ya san ina son sa, hanyar faɗa ce ba mu da ita. Na ji haushin wannan al'ada, har yau ina ji, amma ban taɓa iya karya ta ba.

Abokin nasa injiniyan ruwa ne, Kirista daga kudancin Bauchi da aiki ya kawo Azare, kowa Injiniya yake ce masa. Gajere ne mai tumbi, ana jin dariyarsa daga bakin titi, kuma a wasan golf Allah bai ba shi ba. Shekara goma yana bugu, ƙwallonsa ba ta taɓa zuwa inda ya aike ta sau biyu a jere ba. Baffa kan ce masa, "Injiniya, kai da ka jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa har cikin gidajen mutane, wannan 'yar aba ta gagare ka?" Shi kuma ya ce, "Alhaji, ai ruwa yana jin magana." Kullum bayan la'asar sai ka ji hon ɗin motarsa a ƙofar gida. Ranar Lahadi Baffa ya jira a taso daga coci, idan magariba ta riske su a fili kuma Injiniya ya jingina da mota har a sallame. Mutanen gari sun yi surutunsu, wai Alhaji da girmansa yana bin ƙwai da sanda a daji, har suka gaji suka bari.

Sandunan wasan iri-iri ne, amma waɗanda Baffa ya fi ji da su su ne masu kan ƙarfe. Ƙarafa yake ce musu. An jera su da lamba daga uku zuwa tara, kowanne da nisan da yake kai ƙwallo. Nasa irin na gwanaye ne: kai ƙarami, siriri, baya a shafe. Injiniya ne ya zaunar da ni wata rana ya yi mini bayani, da ya ga ina leƙen jakar Baffa a bayan motarsa. Ya ce a fuskar irin wannan ƙarfe, wurin da ya kamata ƙwallo ta taɓa bai fi faɗin kwabo ba. Idan ka same shi, ko ji ba za ka yi a hannunka ba, sai dai ka ga ƙwallo a sama. Idan ka kuskure da faɗin farce, zafin ya tsarga har gwiwar hannu, ƙwallon kuma ta faɗi a gabanka kowa yana kallo. Gwanaye suna son su ne don ba sa ɓoye wa mutum komai, kuma da su ake lanƙwasa ƙwallo ta kewaye bishiya, ko a kwantar da ita ta bi ƙarƙashin iska.

Sai ya juyo mini fuskar lamba bakwai ta Baffa. A tsakiyarta akwai wani ɗan wuri zagayayye da ya goge ya yi fari tas, sauran fuskar kuwa kamar ba a taɓa bugu da ita ba.

"Shekara ashirin, wuri ɗaya," in ji shi. "Ka ga tawa?"

Tasa duk a ƙuje take, har gefe da wuya. Na daɗe ina duban wannan ɗan farin tabo. Ban taɓa alfahari da wani abu kamar yadda na yi da shi ba, kuma wannan alfaharin ne ya kai ni ya baro.

Shekara guda bayan Baffa ya yi ritaya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, hawan jini ya kayar da shi yana alwala. Allah ya taƙaita, ya tashi, bakinsa bai karkace ba. Amma hannun dama ya rage ƙarfi, yana 'yar rawa, ƙafar ma yana ɗan jan ta. Likita ya ce maganinsa tafiya, kullum, kada ya kuskura ya zauna. To Baffa ba mutumin majalisa ba ne, ba ya zuwa kasuwa, ba shi da gonar da yake dubawa da kansa. Masallacinsa a jikin katangar gida yake, taku goma. Abu ɗaya ne a duniya yake fitar da shi ya taka ƙasa mai nisa, shi ne fakon nan. Duk gidan mun san haka. Ranar da ya daina zuwa fili, ya zauna ke nan.

Ya koma, ƙarafansa suka ƙi shi. Hannun da yake rawa ina zai sami faɗin kwabo? Auta ta ce yakan dawo ya shige ɗaki, ko tuwo ba ya taɓawa. Sai Injiniya ya yi masa dabara. Shi nasa ƙarafan sabon yayi ne da wani ɗan'uwansa ya kawo masa daga waje: kai babba, gindi mai faɗi, baya a ƙwaƙule da kwarmi, sanda mara nauyi. Don masu kuskure aka yi su, ko a gefe ka sami ƙwallo za ta tashi ta yi gaba. Da can Baffa ludaya yake ce musu don tsiya. Injiniya ya fara da cewa kafaɗarsa na ciwo, Alhaji ya taimaka ya gwada masa lamba bakwai ya ji ko ta lanƙwashe. Baffa ya san ƙarya ce, ya karɓa. Kafin wata biyu suna wasa daga jaka ɗaya, yana zagaye ramuka shida, wani lokaci har sau biyu, yana dawowa da yunwa yana tambayar me aka dafa.

Ni kuwa da na zo hutu, na bi su fili na tsaya gindin wata aduwa inda na saba tsayawa, don ba zan matsa kusa ba. Na ga mahaifina da ludayi a hannu, raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye ba. Kowa a gida yana murna ya samu lafiya, ni ina jin kamar na tarar da shi a cikin rigar aro.

Bayan na koma Kano da 'yan makonni, wani direban tasha ya kawo mini wasiƙa daga Injiniya. Ya ce tasa ritayar ta zo, kafin damina zai tattara ya koma garinsu. Ya so ya bar wa Alhaji ƙarafansa, amma ya san halinsa, da wuya ya karɓi abin da mutum yake amfani da shi. Idan kuwa ɗansa ne ya kawo, ba shi da bakin ƙi. Ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran sanduna a bayan filin golf na Kano, wanda baƙi masu barin ƙasa suke bar wa kayansu ya sayar. Ya rubuta abin da zan nema dalla-dalla: masu kwarmin baya, sanda mai laushi, mariƙi mai kauri saboda rawar hannu. Har zanen bayan ƙarfen ya yi mini, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kwarmin. A ƙasan takardar auta ta ƙara da nata rubutun: "Yaya, Baffa ya sani. Bai ce komai ba, amma ya tambaya ko mutanen Kano sun samu saƙo."

Ina faɗin wannan duka ne don kada wani ya nema mini uzuri. Ba a ɓoye mini komai ba, ban manta takardar a gida ba. Tana cikin aljihuna ranar da na je.

Na sami dattijon a wata rumfar kwano yana naɗa wa wata sanda sabon mariƙi. Tun yana matashi yake wannan sana'a, yatsunsa duk sun yi kanta. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ya shiga ciki ya fito da jaka biyu. Ta farko irin ta takarda ce sak, wani Ba'indiye ya bari. Ta biyu ya ce don dai in ba idona abinci ya fito da ita. Ya zaro lamba bakwai ya miƙo mini.

Wallahi har yau ina jin sanyin ƙarfen nan a tafin hannuna. Siriri, baya a shafe yana ɗaukar ido, ko ƙwarzane babu. Irin na Baffa ne, sai dai nasa sun sha jiki, wannan kuwa kamar yau aka ƙera shi.

"Baba, waɗannan na wane ne?"

"Na wanda ba ya kuskure," in ji shi. "Shekara guda suna nan, masu zuwa suna shafawa suna ajiyewa. Mutumin naka nawa ne rangwamensa?"

"Huɗu."

Ya ajiye abin da yake yi ya ɗago ya dube ni. "Huɗu? A Azare?"

"A Jos ya koya."

"To, da ma. Hannu fa, lafiya?"

Na ce ya yi ciwo amma ya samu sauƙi. Dattijon ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji wannan amsa sau ɗari.

"Ɗana, ɗauki masu kwarmin nan. Da can huɗu ne, yanzu ba huɗu ba ne. An yi su ne don 'yan koyo da irinmu da hannu ya sauka. Ba abin kunya ba ne, ni ma da su nake taɓawa."

Gaskiya ya faɗa, cikin ladabi kuma. Amma ni mutum ne mai zuciya a kusa, tun ina ƙarami Goggo take fama da ni. "'Yan koyo" kawai na ji, kaina ya ɗau zafi. Na tuna ban taɓa ba mahaifina komai ba, in ban da buhun shinkafa da shaddar sallah, irin abin da kowane ɗa yake kai wa kowane uba. Wannan ne abu na farko da zan ba shi wanda zai nuna masa na san ko shi wane ne. Kuma tun da ba ma magana, kayan ne za su yi magana a madadina. Idan na kai masa masu kwarmi, na ce masa ke nan, Baffa ka tsufa, ka koma ɗan koyo. Maganar da ko auta ba za ta iya faɗa masa ba, ni ɗan fari in faɗe ta a gaban jama'a? Idan kuwa na kai masa sirara, na ce masa har gobe kai ne. Haka na tsara wa kaina a tsaye a rumfar nan, na ga tsarin ya yi kyau. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai riƙe su da hannu mai rawa ba.

Farashinsu ɗaya, saboda haka ba zan laɓe a bayan tsada ko araha ba. Dattijon ya sake cewa in yi tunani. Na ce masa, da muryar da ta fi ƙarfin rumfar, ni na san ubana. Ya ɗaure mini jakar da igiya. Da zan tafi ya ce, "In ba su yi ba, ka dawo da su da wuri."

Ranar Juma'a na shiga motar Azare da jakar a kan cinyata, na ƙi yarda a sa ta a baya cikin but. Na iso bayan an sauko daga masallaci, na miƙa wa auta, ta shiga da ita zaure, ni na tsaya a waje. Ta daɗe. Da ta fito ta ce Baffa ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya goge shi da hannun rigarsa ya ɗaga shi wajen haske. Ya yi wata magana da Fillanci a hankali, yadda yake yi idan abu ya taɓa shi, sannan ya ce, "Ki ce wa mutanen Kano Allah ya yi albarka." Ta ce idonsa ya kawo ruwa. Na ji kamar an ɗora ni a kan doki. Kafin la'asar Goggo ta sanar da rabin unguwa, dattawan masallaci suka shigo gani, suna miƙa wa juna suna jinjinawa, wanda bai taɓa ganin ƙwallon golf ba ma yana cewa lallai wannan ƙarfe ne na gaske.

Sai ga hon ɗin Injiniya. Ya shiga zaure da dariyarsa, ya fito babu ita. Ya yafito ni bayan mota.

"Ka karanta takardata?"

"Na karanta."

"To me ya faru? Ba ka samu ba?"

"Na samu. Baffa ba ɗan koyo ba ne."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kai, ka san abin da ka yi kuwa? Jiya yana da ƙarafan da yake iya bugawa. Yau ba shi da su. Kana tsammani zai ƙara taɓa nawa, bayan ɗansa na fari ya kawo masa nasa, duk gari sun gani?"

Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba. Amma taurin kai bai bar ni ba, na ce a bari dai ya gwada tukuna.

Washegari muka fita. Bazara ce, rana ta yi sanyi amma ƙasa tana huci, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Baffa ya fito da sabuwar jakarsa. Injiniya ya bar tasa a mota, ya kuma bar but ɗin a buɗe, wai ko da. Na tsaya gindin aduwata.

Tsayuwar Baffa ba ta canza ba. Duk wanda ya gan shi ya gyara ƙafa ya sunkuya a kan ƙwallo ya san ya ga gwani. Ya ɗaga, ya sauke. Sai na ji ƙwas, wani busasshen sauti mara daɗi, ƙwallon ta bi ƙasa tana tsalle ta tsaya ba nisa. Ya yarfe hannu ya soka shi a hammata. Bugu na biyu ƙarfen ya riga ƙwallo taɓa ƙasa, fako kuwa ba ya karɓar duka, mayarwa yake yi. Na ga kafaɗarsa ta girgiza. Na uku ta yi dama ta shige cikin ƙaya.

"Alhaji," in ji Injiniya, "kafaɗar nan tawa fa ta sake tashi, ko za ka ɗan gwada mini..."

"Kafaɗarka ta warke, Injiniya."

Haka suka yi rami na ɗaya, na biyu, na uku. Ina bin su daga nesa, daga bishiya zuwa bishiya. A rami na huɗu akwai wata ƙanya da ta tare hanya. Baffa ya zaro lamba bakwai. Wannan karon ban ji komai ba sai wani ɗan tas mai laushi. Ƙwallon ta tashi, ta yi kamar za ta wuce dama, ta lanƙwaso a hankali ta kewaye ƙanyar, ta sauka dab da tsumma ta zauna. Saura kaɗan in yi ihu. Na ce a raina, kun gani ko, ai ni na san ubana. Baffa ya bi ta da kallo har ta tsaya, ya daɗe yana duban wurin. Ɗaya ke nan cikin abin da ya fi talatin.

A rami na biyar ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa ya yi gefe, ƙwallon tana nan inda take. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Injiniya ne ya ɗauko masa, ransa a ɓace, ya ɗaga murya yadda zan ji, yana kallon inda nake.

"Alhaji, ƙarafan nan ba naka ba ne yanzu. A mayar a canzo. Ba a yi kwana biyu ba, za su karɓa."

Baffa ya san ina jin su. Bai juyo ba. Ya karɓi ƙarfen da hannun hagu, ya goge ƙasar da ke jikinsa da bakin riga.

"A'a. Wanda ya zaɓo su ya san ƙarfe. Ko a Jos ban riƙe kamarsu ba. Hannun ne ya ƙare, ba laifin kowa." Ya mayar da shi jaka. "Mu je gida, na gaji."

Wannan ne yabon da na taɓa ji daga bakin mahaifina a kaina, shi kaɗai, duk tsawon rayuwata. Na so a ce zagi ne.

Ranar Litinin ban je ofis ba, rumfar dattijon na wuce. Masu kwarmin sun tafi, wani ya saye su kwana biyu da zuwana. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, ya ce zai sa ido. Na aika wa auta ta roƙi Baffa ya bari in karɓi sirara in riƙe, ya ci gaba da na Injiniya kafin a samu wasu. Amsa ta zo gajeriya: ya ce a bar masa kayansa. Ya sake fita sau biyu da su, ya dawo hannu a kumbure, sannan ya ce a bari zafi ya ragu. Ranar da Injiniya zai tashi, ya sauke jakarsa a zaure ya juya zai fita da sauri. Baffa ya sa aka bi shi da ita har cikin motar kaya. Ya ce, "Ina da nawa, Injiniya. Ka je ka ci gaba da razana tsuntsayen garinku." Auta ta ce sun yi dariya su biyun, Injiniya ya shiga mota yana share ido.

Ruwa ya sauka, ya wanke yashin, gwangwanayen suka cika da laka, babu mai gyarawa. Babu kuma mai yin hon bayan la'asar.

Sai bayan kaka dattijon ya aiko mini an samu masu kwarmin. Na kai su Azare a ranar. Na tarar Baffa yana zuwa masallaci da sanda, taku goman nan, wani yana riƙe da gwiwar hannunsa. Auta ta shiga da jakar, ta fito da sa albarka. Ko igiyar ba a kwance ba.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, biyun ƙarshe a kan gado. Ba na cewa ƙarafa ne suka kashe shi, ajali na Allah ne. Auta takan ce ciwon da ma zai ci gaba ko da me aka yi. Injiniya ma, da ya zo ta'aziyya ya tsufa ya rame, haka ya ce mini, don ya ga halin da nake ciki. Wataƙila gaskiyarsu ne. Amma ni na ga mutumin yana zagaye ramuka shida yana dawowa da yunwa, kuma na san ranar da ya daina, na san abin da ya sa. Abin yana ci na, ban kuwa ga ranar da zai bari ba.

A zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, na ga jikin ya yi nisa. Na kira auta tsakar gida, na ce ta shiga ta ce masa ina roƙo ya yafe mini. Ta dube ni, ta shiga. Ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, sannan tasa, wadda ta koma kamar ta mai raɗa. Ta fito tana goge fuska da bakin mayafi.

"Ya ce shi bai san ka yi masa komai ba."

Ta tsaya tana jira ko akwai abin da za ta koma da shi. Na ce babu.